Murfin Lagireto

Ni malamin makaranta ne, amma na san mota daidai gwargwado. Na yi shekaru ina zama a garejin wani abokina a Katsina bayan an tashi aiki, ina shan shayinsa ina tsoma baki a aikin da ba nawa ba. A nan na koyi cewa in mota ta ƙi tashi a fara duba kan batir, in tana shaƙewa a hanya a duba fulogi da tiyon mai, in kuma allurar zafi ta hau a kashe inji a nemi inuwa. Abin da abokin nan ya fi nanata mini shi ne kada a kuskura a buɗe murfin lagireto sai an iya ɗora tafin hannu a kansa a bar shi. Ni ma na sha faɗa wa mutane haka, har da ɗaga yatsa. Na fara da wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani, domin da sanina na jawo hannun wani bawan Allah ya ƙone.

Ranar Juma'a ce a farkon damina, kwana biyu da saukar ruwan shuka. Za a ɗaura auren ɗan yayana a Maraɗi bayan an sauko daga masallaci, ni ne wakilin ango, goro da alewa duk suna cikin but ɗina. Na makara, kuma ba kowa ya makarar da ni ba sai babbar rigata, farar shadda da na zauna jira a wurin masu bugu har hantsi ya yi.

Na wuce Jibiya ke nan, ban kai Magama ba, sai na ga allura ta haye har ta taɓa ja. Na gangara gefen titi na kashe mota. Ina ɗaga bonet na gane matsalar: fanbel ya saki, ruwa ya tafasa, rabinsa ya tsiyaye ƙasa. Na naɗe hannun riga na ɗaure fanbel da sifana, ina yi ina kaffa-kaffa da shadda kamar mai ɗauke da ƙwai. Saura ruwa, ni kuwa ko ledar ruwa ɗaya ban riƙo ba.

A gonar da ke bakin titi akwai wani dattijo yana sara da sungumi, matarsa na biye da shi tana jefa iri tana rufewa da diddige. Sun ci kusan rabin gonar. Da ya hango ni sai ya jingine sungumin, ya ɗauko jarkar ruwan shansu daga gindin wata bishiya ya nufo ni.

"Sannu, Malam. Lahiya? Mi ya samu mota?"

"Zafi ta yi, Baba. Ruwa kawai take so."

"To ga ruwa. Ina a ka zuba shi?"

Na nuna masa murfin. Na miƙa hannu kamar zan buɗe, sai na tuna yadda ruwan lagireto yake, ja mai tsatsa, na dubi gaban rigata na yi turus. Dattijon ya lura, ya yi dariya.

"Bari, Malam, kak ka ɓata tuhwahinka. Ni da ke cikin ƙasa tun sahe." Ya kama gefen rigarsa zai riƙe murfin da shi, sannan ya ɗago ya dube ni. "Ta dai huce ko?"

Minti goma ba su cika ba da kashe motar. Ina jin injin yana ƙas-ƙas, ina jin hucinsa a fuskata. Na dubi agogo, na ce, "Ta huce."

Yana murɗawa murfin ya yi sama, tururi da tafasasshen ruwa suka yi tsartuwa suka wanke masa hannun dama tun daga yatsu har gwiwar hannu. Bai yi ihu ba. Salati kawai ya yi, ya durƙusa yana riƙe da hannun. Matarsa ce ta saki ƙwaryar iri ta rugo tana kuka.

Na ɗauki jarkar na fara kwarara masa ruwa, wannan kam na yi daidai. Amma akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina zuba ruwan ina leƙen jarkar, ina lissafin abin da zai rage wa mota. Da na ga ya kai rabi sai na tsaya, na ce ya isa haka. Sauran na ɗura wa lagireto bayan ta huce da gaske, dattijon na zaune a ƙasa yana hura hannunsa da baki.

Na juya da shi asibiti a Jibiya. Kafin mu isa fatar ta ɗuri ruwa, wani wurin ta saɓule. Ma'aikaciyar da ta wanke ciwon ta naɗe shi ta ce kada ya riƙe komai da hannun sai bayan sati uku.

"Sati ukku?" in ji shi. "Shuka hwa, ɗiyata? Laimar ga ba ta wuce jibi."

Ta ce ita dai ta faɗa masa. Sannan ta juyo kaina ta tambayi yadda aka yi. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Laihina ne. Ni ban san mota ba, na kai hannu."

Na bar maganar a haka, ta rubuta abin da ya ce. Na sayi magungunan, na ɗora shi a bayan wani mai mashin ya kai shi gida, yana ta sa mini albarka yana cewa in tahi kada in rasa ɗaurin aure. Na bi ta kwastan, na bi ta duwan, wato kwastan ɗin Nijar, na taka mota har Maraɗi. Da na isa sai na tarar dangin amarya ba su ma hallara ba. Sai da na yi sa'a guda zaune a kan tabarma ina jira, rigata fes, ana yaba ɗinkinta.

Ranar Lahadi da zan dawo na rage gudu a daidai gonar. Ba kowa a ciki, ƙasar ta bushe ta yi fari. Ban tsaya ba. A daminar nan na bi hanyar sau uku, kullum sai idona ya kai can ko ban so ba. Rabin da suka shuka kafin zuwana ya yi gero har ya fi mutum tsawo. Ɗaya rabin an shuka shi a makare, ya tashi a tsumbure, ruwa ya ɗauke bai fid da kai ba. Layin da ya raba su a miƙe yake, daidai inda ya jingine sungumi.

Abin ya hana ni sakat. Na daina zama a garejin abokina, don duk sanda wani ya kawo mota mai zafi sai in ji bakina ya mutu. Bayan kaka na ce wa kaina ya isa. Na shirya maganar da zan yi, na maimaita ta tun daga Katsina, na je na yi tambaya har aka nuna mini gidansa a wani ƙauye bayan Magama.

Na same shi a ƙofar gida da maƙwabtansa. Ya gane ni tun kafin in rufe mota. Ya miƙo mini hannun, fatar ta yi dabbare-dabbare, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa.

"Ku gane shi!" ya ce wa mutanen. "Wanga shi ne Malamin da na ba ku labari. Yana sauri zai tahi ɗaurin aure, amma ya juya mota ya kai ni asibiti. Wani da tuni ya yi gaba abinai."

Suka yi ta yi mini addu'a ɗaya bayan ɗaya. Aka kawo fura, na sha da ƙyar. Na ce, "Baba, dama akwai maganar da ta kawo ni." Ya ce yana ji. Na dubi hannun, na dubi mutanen da suka zuba mini ido suna murmushi, sai na ji kaina ina cewa na zo duba jiki ne, Allah Ya ƙara sauƙi.

Da zan tafi ya sa aka auno mini gero a buhu, daga rabin gonar da ya samu. Na ƙi, ya rantse sai na karɓa, na karɓa. Ya rako ni har mota, ya dafa bonet da hannun hagu, ya rage murya kamar mai ba ɗansa shawara.

"Malam, in ta sake yin zahi, kak ka yi garaje irin nawa. Ka jira ta huce sosai. Ka ga dai yadda ta yi da ni."

Na ce, "To, Baba. Na gode."