Gyauron Dawa Ya Raba Mu da Jan Sa

Assalamu alaikum Edita. Ni mace ce daga wani ƙauye tsakanin Wurno da Goronyo. Lokacin da abin ga ya faru ban daɗe da aure ba, ga goyo, kuma ni ɗiyar masunta ce, ban tashi cikin kiwo ba. Da anka gama kaka maigidana ya tafi ci-rani kudu, ya bar ni da mahaifiyarshi, wadda muke ce ma Inna, tsohuwa ce da idonta ya fara rauni. Ya bar muna awaki kaɗan da shanun huɗa biyu, ja da fari. Su ne ƙarfin gidan. Da su yake noma gonarmu, ya kuma yi ma mutane huɗa mu samu na cefane.

Kafin ya tafi ya ɗora harawa da karan dawa bisa rumfa, ya ce in yi tattali don su kai mu bazara. Maganar nan ta zauna mini a rai. Kullum in na ɗebo harawa sai in ɗaga kai in ga tana raguwa. Gonarmu ta bayan gida tana gangaren fadama, ƙasar ba ta saurin bushewa, don haka kututturan dawar da anka yanke sunka sake toho, ganye shar, wanda ake kira gyauro. Na ga abinci ne Allah ya ba mu kyauta. Wata safiya, tun ba su ci komi ba, na ja shanun na turke su a ciki, na dawo ina daka ina jin daɗin dabarata. Ban shawarci Inna ba, don ban ɗauka abin shawara ba ne.

Hantsi bai gama yi ba na ji wani irin nishi. Na tarar da jan san a kwance, ciki ya kumbura, kumfa na fita bakinshi, ƙafafu na rawa. Farin yana tsaye yana tangaɗi. Na kwarma ihu, maƙwabta sunka sheƙo. Inna ta iso tana lalube da sanda, ta tambaye ni mi sunka ci. Da na ce gyauro, sai ta yi salati ta zauna a ƙasa. Anka ɗura ma farin man gyaɗa, anka kira malamin dabbobi ta waya. Jan kuwa bai jira shi ba. Wani dattijo maƙwabcinmu ya sa mishi wuƙa kafin rai ya fita. Malamin da ya zo ya yi ma farin allura, ya ce ɗanyen tohon dawa yana da dafi, balle ga dabbar da ta kwana da yunwa.

Kiran maigidana ya fi komi yi mini nauyi. Inna ta karɓi wayar, ta ce ita za ta faɗa. Na ji tana ce mishi laifinta ne, ita da ta san gyauro ba ta taɓa gaya mini ba. Da ta miƙo mini, sai ya tambaya ko farin ya tashi, ya ce in ba shi ruwa da dusa. Da faɗa ya yi mini, da na fi samun sauƙi.

Damina ta faɗi muna da sa guda. Da maigidana ya dawo, ya haɗa shi da na dattijon nan, suna yin gonarshi sannan su zo tamu. Farin ya daɗe yana turjewa a karkiya, bai saba da baƙo ba. Shukarmu ta makara, geron shekarar bai kai mu wata kaka ba, kuma ba wanda ya taɓa yi mini gori a gidan.

Na gane tsoron ƙarewar harawa ne ya rufe mini ido, ga mai sani a ɗaka ina kai mata fura kullum ban tambaye ta ba. 'Yan uwana mata da ake bar ma dabbobi, kada ku saki dabba cikin gyauron dawa komi kyawonshi. In kun ga wani kore da ba ku sani ba, ku tambayi tsofaffin gida kafin ku kwance igiya.