Wasan Dusa da Na Yi wa Tsohon Sana

Assalamu alaikum, jama'ar wannan mujalla. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, shi ma malamin cewa ya yi in riƙa zama a ƙofa saboda surutu. A shekarun da zan ba ku labari ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Yako, a ƙasar Kiru. Furfura ta riga ta fara fito mini amma hankali bai biyo ta ba. An san ni da tsokana. Idan majalisa ta yi shiru ni ake aika wa, ni kuwa ina jin daɗin haka fiye da yadda nake jin daɗin a kira ni dattijo.

Ina da shanun huɗa guda biyu. Ɗaya ya ci gyauron dawa cikinsa ya kumbura ya mutu, sai na sayo wani ɗan bijimi fari domin ya zama abokin karkiyar wanda ya rage. Shi wanda ya ragen ja ne, ya daɗe a hannuna, da shi na noma abin da na aurar da 'ya'yana. Al'adarmu ita ce a haɗa sabon sa da tsoho, tsohon ya koya masa tafiya cikin kwari. Kowa ya san babban ake fara ba ruwa da dusa, sannan ƙaramin. Ni ma na sani.

Wata ranar rani ina sosa wa farin ƙarƙashin wuya, sai na ji jan yana huci. Na waiwaya na ga yana tonon ƙasa da kofato yana fizgar igiya kamar zai tumɓuke turken. Na janye hannu, ya yi shiru. Na mayar, ya sake. Mai hankali da ya ga haka sai ya je ya lallashi dabbarsa. Ni kuwa murna na yi na samu abin ba mutane dariya. Bayan la'asar na riƙa tara abokaina a bakin turke. In dama dusa da kanwa, in kai wa jan har bakin hancinsa ya shinshina, yana miƙo harshe sai in juya in dire a gaban farin, ina shafa tozonsa ina yi masa kirari. Jan ya yi ta kuka yana zagaya turke, mu kuma muna riƙe ciki. Har masu babur sukan tsaya su kalla, wani ma ya ɗauka a waya.

Mutum ɗaya ne bai taɓa dariya ba, wani Bafulatani maƙwabcina da ya girme ni, wanda ke noma kuma yana da garke. Ya ja ni gefe ya kira ni da ƙanensa, ya ce shanu sun san babba sun san ƙarami, kuma sa ba ya manta wanda aka fifita a kansa a gaban idonsa. Ya ce in tuna wuyan waɗannan biyun itace ɗaya zai ɗauka idan ruwa ya sauka. Na amsa masa da cewa shi dai ko saniya ta yi atishawa sai ya je mata gaisuwa, dabba ciyawa kawai ta sani. Ya dube ni ya ce Allah ya kyauta, ya tafi.

Ruwan shuka ya sauka, na ɗaura musu karkiya. Jan da a da ko ido na rufe zai fitar mini da kunya miƙaƙƙiya, ranar ya ƙi daidaita ƙafa da farin. In farin ya ja gaba shi ya toge, in farin ya tsaya shi ya fizga. Kunyoyin suka fito kamar sawun maciji. Mutanen gonar kusa suka fara yi mini irin dariyar da nake yi wa wasu, sai zuciya ta ɗebe ni na zabga wa jan sanda, abin da ban taɓa yi ba. Da rana ta take na kwance su domin su sha ruwa a rafi. Farin, da na saba masa da zama na farko, ya riga kai baki. Kafin in ɗaga murya jan ya sunkuyar da kai ya soke shi a ciki. A nan bakin rafin aka sa wa farin wuƙa don kada ya tafi mushe.

Maƙwabcina ya zo ya roƙe ni in ba shi jan ya zauna cikin garkensa har zuciyarsa ta sauka, ya ce laifin ba na dabba ba ne. Ban saurara ba. Kunya ce ta cika ni, kuma sai na ga ya fi sauƙi in ce san ne mugu. Ranar kasuwa na ja shi na sayar wa masu lodin shanu zuwa kudu. Da aka zo hawa mota ya kafe. Suka murɗa masa wutsiya, suka dake shi, bai motsa ba. Sai wani dillali ya ce mini, tunda ni ne mai shi, in hau cikin motar in kira shi ko zai ji. Na hau. Na yi masa ɗan fiton da nake yi masa idan za mu fita gona da safe. Ya ɗaga kai, ya tako katakon hawa motar a hankali, ya zo ya ɗora hancinsa a tafin hannuna. Suka ɗaure shi, ni kuma na dire ta gefe.

A kan babur ɗin da ya mayar da ni gida na gane abin da na yi. Da san nan ƙina yake yi, da bai hau ba. Duk hucin nan da tonon ƙasa, ni yake nema, ni kuwa na mayar da abin wasan yamma. A shekarar nan da fartanya na ƙarasa gonata, bayana har yau yana tuna mini, amma ba shi ne ke damuna ba.

Malamai sun fi ni sanin ko abin da ke cikin dabba sunansa kishi. Ni dai na ga abin da na gani, kuma na san za a tambaye ni a kansa ranar da ba a ba da amsa da barkwanci. Don haka mai akuya, mai jaki, mai kare, mai sa, ina roƙonku: idan kun kawo sabuwar dabba gida, ku fara da tsohuwar. In kuma kun ga tana fushi don kun shafa wata, kada ku kira mutane kallo. Ku je ku shafa ta.