Ranar da na Tashi Kasuwa da Harajin Jikka

Ban taɓa mantawa da ranar da na tashi kasuwa guda da bakina ba, kuma ko na manta, akwai tsofaffi tsakanin Kankia da Kusada da za su tuna mini kyauta. Ku yaran yanzu da ke ɗauke da digiri a aljihu, ku gyara zama.

A lokacin ni ne mai yankan rasit a wata kasuwar ƙauye ta wajen Rimaye. Aikin ba wuya: ka iso da hantsi, ka bi rumfa-rumfa, ka yaga takarda ka miƙa, a miƙo maka kuɗin gwamnati haɗe da harara. Boko kuwa aji huɗu na yi. Na biyar ɗin ta taga na leƙa shi, na ga ba wani sabon abu.

Bayan an yi girbi, shugaban sashenmu Alhaji Lawal ya kira ni ofis, ya ba ni wata takarda da ta zo daga sama, da Turanci. Ya ce, "Sule, wannan shawara ce ake yi, ba a zartar ba. Ka je ka shaida wa jama'a, ka jiyo ra'ayinsu. Ka dai iya karantawa ko?"

Na ce, "Haba Yallaɓai."

Na zauna gindin bishiyar bedi na bi ta da yatsa. Kalmomi biyu na kama da kyau, ɗaya haraji, ɗaya kuma abin da malaminmu ya koya mana cewa jaka ce, wadda mu a nan muke ce wa jikka. Abin da takardar ke nufi, kamar yadda na ɗan fahimta, ledar sayayya ce, za a ɗora mata 'yan kwabbai don a rage ta. To amma ni ina ganin takardar gwamnati ta fi ƙarfin a ce maganar leda take yi. Sai na zaɓi kalma mai mutunci.

Ranar kasuwa na sa mai shela ya hau turmi ya ce, "Jama'a, gwamnati na shawarar sa harajin jikka a kan duk wanda ya yi sayayya!"

Ga waɗanda ba su sani ba, a bakin mutanenmu jikka kuɗi ce, naira ɗari biyu, kuma a wancan zamani jikka guda tana saya maka ɗan tunkiya. Ni kuwa hankalina bai je nan ba ko kaɗan. Sai na ga ana ɗaure buhu, ana ɗora wa jaki kaya. Kafin la'asar kasuwa ta zama filin ƙwallo. Mako ya zagayo, daga ni sai ungulu, jama'a duk sun karkata kasuwar Yashe.

Alhaji Lawal bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Ya ce, "Sule, ban san abin da ka gaya masu ba. In kasuwar nan ba ta ci mako mai zuwa ba, ka ajiye mini littafin rasit a kan teburin nan, ka koma gona." Ni kuwa gonar tuni yayana ya haɗe ta da tasa, ga iyali tara.

Tsoro na nan, amma wallahi abin da ya fi cina mamaki ne. Mutanen da ke biyan kuɗin rumfa, da na shiga, da na dabba, suna zagina suna biya, me ya sa ɗan abin zuba kaya ya kore su? Na hau keke na nufi rugar Inna Hajo, wata tsohuwar Bafulatana mai sayar da nono, wadda ba ta taɓa fashin kasuwa ba.

Na same ta tana gyaran ƙwarya. Na ce, "Inna, mi ya yi zafi?"

Ta ce, "Kai ɗan nan, ni da ƙwaryar da nonon da faifan, in aka haɗa mu aka kai kasuwa, mun kai jikka? Mai sayen nonon sule biyar zai biya jikka?"

Na tsaya riƙe da keke. Na ce, "Wace jikka?"

Ta ce, "Jikka nawa gare ku a gwamnati?"

A nan ne kaina ya buɗe. Na ce mata leda ake nufi. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta share hawaye ta ce, "To ko ledar ce, wa ya tambaye mu? Ina da magana a kanta."

Wannan kalma tata ita ta cece ni. Na lura in na ce a dawo kuskure ne, ba mai yarda da mai rasit. Sai na bi ƙauyuka da mai shela, muka ce: leda ce ba jikka ba, kuma duk mai magana a kan gwamnati da yadda take kashe kuɗi ya zo ranar kasuwa, Sule zai rubuta.

Jama'a, ban taɓa ganin kasuwar nan ta cika kamar ranar ba. Kuma Bakatsine ba ya zuwa gardama hannu rabbana, kowa ya taho da ɗan abin sayarwarsa.

Na zaci da jin leda ce za a yi hamdala. Ina! Sarkin Fawa ya fara: "Malam Sule, ledar da nike ba mutum kyauta ita za a sa ma haraji? Gobe sai a sa ma gyara."

Wani dattijo mai sayar da gero ya ce, "Rubuta. Shekara nawa muna biyan kuɗin rumfa? Ɗaga kai ka duba." Na ɗaga, na ga sararin Allah. Ya ce, "To manya sun canza mota, mu ba mu canza kwano ba. A fara nuna mana inda na jiya ya shiga."

Sai Inna Hajo ta matso. Ta ce, "Ni ban son leda. Karsanata ta mutu bara, da aka farke cikinta leda ce cunkus. In da za a ɗauki kuɗin a share dajin nan, ni zan fara biya. Amma na san ku. Ledar za ta zauna, kuɗin ne za su tashi sama."

Aka kwashe da dariya, ni kuwa ina ta rubutu, da Hausa wannan karon, don na daina wasa da wuta.

Na kai wa Alhaji Lawal shafi shida. Ya karanta yana gyaran tabarau, ya ce, "Ba za ka taƙaita ba? Ka ce jama'a sun saurara cikin natsuwa."

Na ce, "Yallaɓai, fassara ce ta jefa ni rami. Yadda suka faɗa haka zan bari."

Sai ya sa hannu, ya turo mini sabon littafin rasit. Inda takardar ta je ban sani ba. Harajin dai ba mu sake jin duriyarsa ba, kuma ba zan yi maku ƙaryar cewa shafuna shida ne suka kashe shi ba, ko da yake in kun faɗa ba zan musa ba.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba biya suke ƙi ba. Sun saba a zo masu da hannu, ba su saba a zo masu da kunne ba. Na yi shekaru ina bin su rumfa-rumfa suna ɓoye mini fuska, amma ranar da na ce zan saurara, da ƙafarsu suka zo suka yi mini layi.