Jemagu a Bangon Kawu Desmond

Ni kaɗai na lura da ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin da ke zube a bakin tagar ɗakin sama, kamar shinkafar da ta ƙone. Na murza ɗaya, ta zama gari. Kashin jemage ne, tun a jami'a na san shi.

Kawu Desmond Funnell ya shekara arba'in yana rataya tayil ɗin jan yumɓu a bangayen tsofaffin gidajen ƙauyenmu na yankin Sussex, a Ingila. Bangon gidansa ne kawai bai taɓa samun lokacinsa ba. Yanzu hannunsa na rawa, likita ya hana shi hawa tsani, katakon da ke riƙe da tayil ɗin kuma ya ruɓe. Duk ruwan da iskar teku ta koro sai ya bi ta baya ya tsatso cikin ɗakin da matarsa, Anti Beryl, ke kwance da ciwon huhu. Fumfuna ta ci bango har bayan gado.

Wata huɗu Kawu ya yi yana roƙon Clive, tsohon abokin aikinsa, ya gyara masa bangon, kafin Clive ya zo a watan Yuni. Clive na taka tsani na nuna musu abin da na gani, a zatona taimako nake yi.

Ya leƙa ƙarƙashin tayil ɗaya, ya sauko a hankali. Ya ce jemagu sun haihu a ciki, dokar kare jemagu ta hana a taɓa bangon sai sun tashi da kaka, sannan a nemi izini.

Kawu ya ce, "Kai da ka taɓa yin rufin gida guda a buge, yau ka zama lauya?"

"Maganar kotu ce fa, Des."

"Jere biyu kawai za ka ɗaga min. Matar nan ba ta iya numfashi. Wa zai gani?"

Clive ya dube ni, ya ce ai an riga an gani.

Anti Beryl ta leƙo ta taga, ta ce tun tana amarya take jiran wannan malalacin mijin nata ya gyara mata bango, wata uku ba komai ba ne. Tari bai bar ta ta ƙarasa dariyar ba.

Kawu bai yi min faɗa ba, bai ma dube ni ba. Ya riƙe tsanin, ya ɗora ƙafa a matakin farko, ya daɗe a haka, sannan ya sauke ta.

Bayan Clive ya tafi, Kawu ya ɗauko tef ɗin awonsa ya shiga falon ƙasa, ya durƙusa yana auna tsakanin murhun ɗumama ɗaki da ƙofa, ko gadon Anti Beryl zai shiga.