Inna ta shiga gidan da muke ɗauka hoto

Muna tsaye gaban wani tsohon gida mai zane a unguwar Birni, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, sai muka nemi Inna muka rasa.

An ba yara konje a lakwal, wato hutun makaranta, shi ne na kwaso su daga Guci, har da mahaifiyata, su ga Damagaram. Motar komawa ta la'asar ce, ga rana ta karkata.

Ɗiyata ta nuna mini zauren gidan. Na yi sallama na shiga, ga Inna zaune kan tabarma da wata tsohuwa, ana ta gaisuwa.

Na ce, "Inna, kin san su ne?"

Ta ce, "Ina fa. Amma ki tsaya ƙofar mutane kina kallon bangonsu, ba ki shiga kin gaishe su ba?"

Tsohuwar ta ce kullum tana jin muryoyin masu hoto daga waje, ba wanda ya taɓa shigowa.

Mota ta tafi ta bar mu. Inna ko a jikinta.

Ku masu yawon hoto, kun taɓa tambaya wa ke bayan bangon?