Anti Mai Layi Ta Ajiye Aiki

Kafin masu shara su gama goge baranda, Anti Mai Layi ta riga ta shiga ɗan ɗakin nan mai sanyi da ke bayan ɗakin magani. Takan tsaya gaban na'urori tana duban fitilunsu. In kore ne, ta zauna ta sha shayinta. In ja ne, shayin ya huce a banza.

Aikinta kula da tsohon layin sadarwa na firem rile, wanda ya haɗa babban asibitinmu da rassansa. Ta taɓa yi mini bayani ranar da nake mitar kwamfutata. Kowane reshe yana da lambar layinsa da adireshinsa, kuma dole a haɗa biyun kafin saƙo ya isa. Na'ura kan tambayi wanda ke can ƙarshen layi, ta koyi adireshinsa da kanta. Amma rassan da babu layi kai tsaye tsakaninsu ba sa sanin juna, sai an rubuta musu hanya da hannu.

Na ce, "To ki rubuta duka mana, Anti, mu huta."

Ta yi dariya. "Ƙanena, ranar da ka rubuta da hannu, na'ura ta daina tambaya. In ka yi kuskure, ba wanda zai gyara maka. Amanar ta koma wuyanka."

Ungozomar wani reshe ba ta gajiya da ba da labarin wata safiya. Jini ya ɓalle wa mai haihuwa, kuma irin jininta ya ƙare a babban asibiti. Akwai sabon reshe kusa da su, amma wayarsu ta ƙi shiga, kwamfuta kuma ba ta ganin ma'ajiyar jininsu. Ta kira Anti.

Anti ta ce, "Yaya, ki riƙe matar. Layi ki bar mini."

Ta rubuta hanyar, ta sake dubawa, ta tura. Can sai ungozoma ta ga a kwamfuta akwai jinin a sabon reshen, direbansu ya fita a guje ya ɗauko. Matar ta rayu. 'Yarta tana makaranta yanzu, kuma har yau ba su san da Anti ba.

Ke ce wadda ba a tunawa sai abu ya lalace, Anti, kuma ba ki taɓa riƙe mu a zuci ba. Ke ce kika san inda za a bar na'ura ta yi aikinta, da inda sai mutum ya sa hannu ya ɗauki nauyi.

A watan nan za a cire tsohon layin, ke ma ki koma gida wajen jikoki. Mun gode. Allah Ya saka da alheri, Ya ba da lafiyar hutu. Masu zuwa bayanta, ku yi aiki yadda ta yi. Mu sauran kuma, akwai irinta a bayan kowace ma'aikata. A je a gaishe su tun komai yana lafiya.