Kaset Ɗin da Na Shafe Muryar Kaka

Ina wurin aiki a Maradi ƙanwata ta bugo waya daga Dakoro. "Yaya, Kaka ta rasu da asuba." Na yi salati, na koma gida. Kafin in nemi mota, sai da na buɗe akwati na ɗauko wani tsohon kaset.

Muna yara, bayan sallar isha'i, Kaka takan tara mu bakin murhu tana ɓarar gyaɗa. Ni take fara tsokana. "Angona, matso. Miji ke nan, ko zane bai taɓa saya mini ba!"

Tatsuniyar da na fi so ita ce ta mai gogen da ya yi tsirkiya da izgar dokin aljani. Gogen nan ba ya ƙarya. Duk wanda aka kaɗa wa shi, sai ya tona abin da mutumin ya ɓoye: mai awon da ya danne mudu, makiyayin da ya tsarma nono da ruwa. Rannan sai gogen ya juyo kan mai shi. Daidai nan barci yake kwashe ni, kullum.

Da na shiga lise, wato babbar sakandare, na zo hutu da rediyo mai kaset. Na ajiye gabanta, na danna maɓallin ɗaukar murya, na ce ta yi mini tatsuniyar har ƙarshe. Ni kuwa na fice wurin abokai, da niyyar in saurara daga baya.

Ban saurara ba. Wani malaminmu ya ara mini kiɗan gogen Turawa, na mutanen Italiya na wajen shekara ɗari uku da suka wuce. Goge ɗaya yana ba da waƙa, sauran suna yi masa amshi, ya gudu su bi shi, a tsakiya ya lafa kamar mai kuka a ɓoye. Kiɗan ya kama ni. Ba ni da kaset da babu komai a kai, sai na naɗe shi a kan nata.

Duk zuwana gida sai ta ce, "Angona, mi gogen ya ce ma mai shi?" In yi dariya in kawo wani zance.

A ranar rasuwar na sa kaset ɗin, na bar shi ya wuce inda na saba tsayar da shi. Kiɗan ya ƙare, aka ɗan yi shiru, sai ga muryarta, abin da ya tsira ke nan: "To, ta ƙare. In ka ji, ka taho ka hwaɗa mini."

Ashe ba tsokana take yi ba, jira take. Ni na ɗauka tatsuniyar ta masu awo ce da makiyaya, ban san har da ni ba.

Na tambayi ƙanwata da duk jikokin da suka zo zaman makoki. Kowa ya ce shi ma barci yake yi. Har yau ban san abin da gogen ya ce ba.